ZUMUNTA A ƘAFA TA KE: Yadda Baƙon Kirista Kan Sami 'Yan'uwa A Ƙasar Zurmi Da Ƙaura

Kowace shekara hukuma ta kan tura samari da 'yan mata aiki a garuruwan da ba su taɓa jin ko sunansu ba. Wannan malamin makaranta, wancan malamin asibiti, wani ɗan sanda, wani kuwa ya gama ilmi mai zurfi an aiko shi ya yi wa ƙasa hidima ta shekara guda. A cikin waɗanda rabo kan kawo arewacin Jihar Zamfara, watau ƙasar Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, akwai Kiristoci. Waɗansu daga Kudu su ke, waɗansu daga ƙasar Jos, ko kudancin Kaduna, ko Zuru.

Musulmi in ya sauka a baƙon gari, kiran salla na farko ya ishe shi. Ya bi muryar ladan, ya shiga sahu, kafin a shafa fatiha ya sami wanda zai gaisa da shi. To, Kirista fa, wanda aka kai gari irin Birnin Tsaba, inda jama'a Musulmi ne tun kaka da kakanni? Ran Lahadi ta farko, ina zai dosa? Wannan ita ce tambayar da mu ke so mu duba yau. Ta kuwa shafe ku, malamai da ma'aikatan ofis, domin ku ne ku ke karɓar takardar baƙon nan, a hannunku ya ke fara sauka. In ya sami natsuwa, ya zauna ya koyar da 'ya'yanmu. In kewa ta ci shi, kafin wata uku ya nemi a sauya masa wuri, aji ya zauna ba malami.

Yadda Abin Ya Faro

Ba yau aka fara wannan ba. Sa'ad da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawari ba za a sa musu hannu cikin addini ba. Saboda haka aka daɗe ana hana 'yan Mishan kafa tasha a cikin ƙasashen sarakunan Musulmi. Amma abin da aka hana Mishan, sai ciniki da aikin gwamnati suka kawo shi ta wata ƙofa. Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau, ta iso Ƙauran Namoda a 1929, nan ne kuwa ta tsaya. Ƙaura ta zama bakin layi, inda gyaɗa da auduga na ƙasashen Zurmi da Shinkafi da Moriki su ke taruwa a ɗora wa jirgi. Reluwe kuwa ba ta zuwa ita kaɗai. Ta zo da akawuna, da masu gyaran hanya, da masu awon gyaɗa na kamfanoni, da kafintoci da teloli. Da yawansu Yarabawa ne da Ibo, samari marasa aure, Kiristoci.

Irin waɗannan baƙi, a duk garuruwan da jirgi ya ratsa, ba su jira wani limami ya zo daga Ikko ba. Su kan taru ran Lahadi a ɗakin wanda ya fi su shekaru, ko a inuwar barandarsa, wanda ya iya karatu ya karanta, a yi waƙa, a yi addu'a, a tara 'yan kwabbai. Da kwabban nan a ke yin rumfa, rumfa ta zama ɗakin jinka, ɗakin jinka ya zama na kwano. Galibin majami'un Sabon Gari na Arewa haka suka tashi, daga ƙasa zuwa sama.

Majami'a kuwa a wurinsu ba wurin ibada kaɗai ba ce. Ita ce zangonsu. Kowa ya san yadda Bahaushe ya ke yi in ya sauka Kumasi ko Ibadan: ya nemi zango, ya nemi mai masauki, a ba shi tabarma, a nuna masa kasuwa, a tsaya masa in ya shiga rigima. Haka saurayin da ya sauko daga jirgi da akwatinsa na kwano ya kan tambayi inda mutanensa su ke sujada. Can zai sami ɗaki, can zai ji inda a ke neman akawu, can za a yi jinyarsa in zazzaɓi ya kama shi, in kuwa ta Allah ta kasance, su za su binne shi su aika wa iyayensa labari.

Da Hausa Ta Shiga Majami'a

Da fari dai kowace ƙabila da harshenta ta ke sujada, Bayarabe da Yarabanci, Ibo da nasu. Abin da ya sauya wannan a Arewa shi ne Hausa. Likita Mila, na Mishan ɗin C.M.S., wanda ya zauna Zariya tun 1905, shi da abokan aikinsa suka yi shekaru suna fassara, har aka buga Littafi Mai Tsarki duka da Hausar boko a 1932. Aka kuma yi Littafin Waƙoƙi. Daga nan mutumin Kagoro, da na Zuru, da na Gindiri, waɗanda ko gaisuwar juna ba su ji da harsunansu, suka sami harshe guda da za su yi addu'a tare.

A shekarun 1930 gwamnati ta sassauta hanin nan, musamman ta fuskar magani. Mishan ɗin S.I.M., wanda aka kafa a 1893, ya karɓi aikin jinyar kutare a Amanawa ta Lardin Sakkwato, da Babbar Ruga ta Katsina, da Yadakunya ta Kano. Ikilisiyoyin da suka fito daga aikin S.I.M. suka tsaya da ƙafafunsu a 1954, su ne a ke kira E.C.W.A. A 1953 kuma aka danƙa wa limaman Katolika 'yan ɗariƙar Dominik, daga Amurka, aikin ƙasar Sakkwato da Katsina, suka yi mazauninsu a Gusau. Shugabansu, Edward Lawton, ya zama bishop a 1964. A hankali aka sami Hausawa 'yan ƙasa, mafi yawa daga cikin Maguzawa na wajen Malumfashi da Funtuwa, waɗanda suka shiga addinin. Cikin 2023 aka naɗa Bahaushe, Gerald Mamman Musa, ya zama bishop na farko na Katolika a Katsina.

Ba a rasa baƙar rana ba. Tarzomar 1966 ta sa Ibo suka kwashe suka koma gida, majami'u da yawa na bakin layin jirgi suka zama kango. Bayan an gama yaƙin basasa a 1970 waɗansu suka dawo, suka sāke buɗe kantunansu da wuraren ibadarsu. Jirgin Ƙaura dai ya daɗe da daina kai da kawowa, dalar gyaɗa ta zama labari, amma baƙi ba su daina zuwa ba.

Baƙin Wannan Zamani

Abubuwa biyu ne suka maye gurbin reluwe wajen kawo matasa. Na fari, aikin yi wa ƙasa hidima, wanda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973, da nufin ɗan Kudu ya san Arewa, ɗan Arewa ya san Kudu, don kada abin da ya faru ya sāke faruwa. Na biyu, babbar makarantar koyon sana'o'i ta Gwamnatin Tarayya da aka kafa a Ƙauran Namoda a 1983, wadda ta ke ɗaukar ɗalibai daga ko'ina cikin ƙasa.

Wanda ya zo ta ɗayan ƙofofin nan biyu, ya tarar an share masa hanya. A makarantun Arewa akwai ƙungiyar ɗalibai Kiristoci da a ke kira F.C.S., wadda aka fara a Gindiri a 1957. Masu yi wa ƙasa hidima kuwa suna da tasu ƙungiya, N.C.C.F., 'yan Katolika da tasu, kamar yadda Musulminsu su ke da tasu. Tun a sansanin horo na mako uku a ke rubuta sunan sabon zuwa. Ƙungiyar ta kan riƙe gida a manyan garuruwa, inda wanda bai sami ɗaki ba zai sauka, a ci tukunya ɗaya, a yi addu'ar asuba tare. Zangon nan ne dai na dā, ya sauya riga.

A manyan garuruwa irin Gusau da Ƙaura, inda a ke da majami'u na ɗariƙu dabam dabam, abin da ya rage wa saurayi shi ne ya zaɓa. A majami'un Hausa zai tarar da Zumuntar Mata, da ƙungiyar matasa, da ta mawaƙa. A kan ce baƙi su miƙe tsaye su faɗi sunansu da garinsu, bayan an tashi kuwa da wuya a rasa wanda zai ce masa ai shi ma daga can ya ke, ya zo gida ya ci tuwo.

Inda Babu Ƙararrawa

Wahalar tana ga wanda aka wuce da shi gaba, aka kai shi ƙaramin gari. Birnin Tsaba na cikin ƙasar Zurmi, wajen Dauran. Mutanenta manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa. A gari irin wannan Kirista kusan kullum baƙo ne, ana iya ƙidaya su da yatsu: malami ɗaya ko biyu, ma'aikacin asibiti, ɗan sanda, mai kantin magani ko mai gyaran babur. Ba wanda zai buga masa ƙararrawa. Sai ya tashi ya nema.

Abin da zai fara koya shi ne matambayi ba ya ɓata. Wanda zai tambaya kuwa Musulmi ne, domin su ya tarar. Mai gidan da ya ba shi ɗaki, ko hedimasta, ko mai shayin bakin tasha, duk sun san kowane baƙo da ke garin da abin da ya ke yi. Yaro ya durƙusa ya ce, Baba, don Allah ko akwai masu addinina a garin nan? Dattijo ya ce, akwai mana, ɗana, je ka asibiti ka tambayi malamin allura, ko kuwa bari in haɗa ka da yaro ya kai ka. Sau da yawa iyakar abin ke nan. Baƙon da ya rufe bakinsa don tsoro ya kan yi wata biyu yana kewa, alhali ɗan'uwansa na bayan katanga.

Abu na biyu, ya kan tarar ɗariƙar da ya taso a ciki ba ta biyo shi ba. A garinsu, wataƙila ɗan Katolika bai taɓa taka majami'ar E.C.W.A. ba, ɗan Baptis kuma yana ganin 'yan sababbin majami'u masu kiɗa da tsalle sun cika hayaniya. Amma in mutum biyar ne kaɗai a gari, ba mai halin raba su gida uku. Tsintsiya ɗaya ba ta shara. Sai ka ga an taru a ɗakin ɗaya daga cikinsu, a karanta Littafi da Hausa da Turanci, a yi waƙa ɗaya ta wannan, ɗaya ta wancan, a tara baiko a ajiye don ranar da wani zai kwanta ciwo. Abin da ya wajaba sai da limami ko fasto, kamar jibin Ubangiji, da baftisma, da ɗaurin aure, sai a bari sai an sami zuwa babban gari. Watau abin da akawunan reluwe suka yi a baranda kusan shekara 100 da suka wuce, shi jikokinsu su ke yi yau.

Abu na uku, zumunta ba ta ran Lahadi kaɗai ba ce. Wanda ya zo sujada ya zauna a baya, aka tashi ya sulale, zai shekara ba wanda ya san sunansa. Wanda ya ɗauki tsintsiya ya share wurin, ya je gaida marar lafiya, ya koya wa yaran 'yan'uwansa karatu da maraice, shi ne za a nema ran da ba a gan shi ba. A wuri mai nisa da gida, wannan neman shi ne dukiya.

Ƙayoyin Da Ke Kan Hanya

Kada mu ɓoye gaskiya, hanyar ba ta rasa ƙaya ba. An cire Jihar Zamfara daga ta Sakkwato a 1996. A watan Oktoba na 1999 Gwamna Ahmad Sani, Yariman Bakura, ya ƙaddamar da Shari'ar Musulunci a Gusau, ta fara aiki a Janairun 2000. Hukuma ta ce Musulmi kaɗai dokar ta shafa, amma labarin ya tsorata iyaye da yawa a Kudu, har yau kuwa akwai uwar da in ta ji an tura ɗanta Zamfara sai ta kwana ba barci. Shugabannin ƙungiyar Kiristoci ta ƙasa, watau C.A.N., wadda aka kafa a 1976, sun daɗe suna kuka a kan wuyar samun fili da izinin gina majami'a, da kuma rashin koyar da addinin Kirista a makarantun gwamnati na jihohin nan.

Amma ƙayar da ta fi tsini yanzu ita ce ta 'yan bindiga, wadda ba ta tambayar addinin kowa. Mutanen ƙasar Zurmi da Shinkafi sun fi kowa sanin ɗacinta: an kashe manoma a gonakinsu, an kore shanu, an ƙone rumbuna, an sace mutane har a masallaci. Hanyar da baƙo zai bi ya je sujada a babban gari, ita ce hanyar da ɗan gari ya ke tsoron bi ya je kasuwa. A watan Agusta na 2023 an sace matasa 8 'yan Jihar Akwa Ibom a kan hanyar Zamfara, suna tafiya Sakkwato don su fara yi wa ƙasa hidima. Irin wannan ya sa da yawa su ke roƙon a mai da su wata jiha tun ba su sauke kaya ba.

Akwai kuma wani darasi da wahalar nan ta koyar. Matasan yanzu sun saba da neman kome a waya. Kafin su taso daga gida sun shiga zauren WhatsApp na 'yan'uwansu, ran Lahadi kuma suna iya sauraron wa'azin faston garinsu ta intanet. Wannan abu ne mai amfani, yana rage kewa. Amma a watan Satumba na 2021 hukuma ta toshe layukan waya a Zamfara duka don yaƙi da 'yan bindiga, aka rufe kasuwannin mako, aka yi makonni ba mai jin muryar wani. A kwanakin nan, wanda zumuncinsa duka yana cikin waya ya wayi gari shi kaɗai. Wanda ya san ƙofar gidan ɗan'uwansa da ta maƙwabcinsa, shi ya sami mai ba shi labari, mai ranta masa kuɗi, mai ce masa yau kada ka bi hanya kaza. Ashe magabata da suka ce zumunta a ƙafa ta ke, ba su yi ƙarya ba.

Kada Zumunta Ta Zama Katanga

Akwai wani rami da baƙo kan faɗa bayan ya sami 'yan'uwansa. Sai ya ga ai ya isa, daga wurin aiki sai ɗaki, daga ɗaki sai wurin mutanensa biyar. Ya shekara bai taɓa zama a tabarmar ƙofar gidan mai unguwa ba. Wannan ya sami rabi ya bar rabi. Dattawan Kiristocin da suka daɗe a ƙasar nan, har suka haifi 'ya'ya masu Hausa kamar ta 'yan gari, ba haka suka zauna ba. Suna zuwa suna, suna zuwa ta'aziyya. Da azumi ba su ci a bainar jama'a. Da Babbar Salla a aiko musu nama, da Kirsimeti su aika da shinkafa.

Ko wanda ya zo da Hausarsa daga Jos ko Kafanchan, yana da sabon karatu a gabansa, domin Hausar majami'a ba ita ce Hausar Zamfara ba. Zai ji ana cewa mi a maimakon me, wanga a maimakon wannan, lahiya a maimakon lafiya, ɗiya a maimakon 'ya'ya. Ran da ya fara mai da gaisuwa da irin harshen garin, zai ga fuskar tsofaffi ta sauya. Ya kuma lura da tufafin da a ke sawa, musamman 'yan mata, da yadda a ke sallama kafin a shiga gida, da iyakar zaure da namiji ba ya wucewa. Kiyaye waɗannan ba ya rage wa mutum kome daga addininsa. Abin da ya ke ƙara masa shi ne, in dare ya yi aka ji harbi, akwai ƙofar da za a buɗe masa.

Abin Da Ya Rataya A Wuyanmu

Saura mu, masu masauki. Duk wanda ya yi karatun tarihin Musulunci ya san hijira ta farko zuwa Habasha aka yi ta, wajen shekara ta 615, sa'ad da Musulmi ba su da yawa, ba su da ƙarfi. Sarkin da ya karɓe su, Najjashi, Kirista ne a lokacin, ya ba su wurin zama, ya bar su su yi ibadarsu, ya ƙi miƙa su ga waɗanda suka biyo su. A yau ma 'ya'yanmu suna can Fatakwal da Inugu da Kalaba, suna aiki, suna ciniki, suna tambayar inda masallaci ya ke. Abin da mu ke so a yi musu can, shi ya kamata mu yi wa na wasu a nan.

Ba wani abu mai wuya a ke nema ba. Hedimasta ko akawun da ya karɓi takardar sabon ma'aikaci, bayan ya nuna masa ɗaki da rijiya, ya ƙara da cewa, Malam wane ma irin addininku ya ke yi, ga inda ya ke zaune. Kada a sa masa taro ko aikin gayya da safiyar Lahadi in da hali, kamar yadda ba ma so a sa mana da azahar ɗin Jumma'a. In zai tafi Ƙaura ko Gusau sujada, a gaya masa gaskiyar halin hanya, da motar da ya kamata ya shiga, da lokacin da ya kamata ya dawo. A kai shi ya gaida mai gari da liman, don a san shi, a san a hannun wa ya ke. In yara suka bi shi da baƙar magana a kan addininsa, a tsawata musu tun abin yana ƙarami. Shimfiɗar fuska dai ta fi ta tabarma.

Ƙasar da wahala ta sa likita da malami su ke gudunta, ba ta da halin ta bar wanda ya yarda ya zo ya koma saboda kewa. Yaron da ya sami 'yan'uwan addu'a, ya kuma sami uba a cikin gari, zai gama wa'adinsa, wataƙila ma ya ƙara. In ya koma gida kuwa, shi zai ba mutanensa labarin Zamfara da ba su ji a rediyo ba.

Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya, ya kiyaye baƙo da ɗan gari, amin.